Waɗanda Suka Kwanta

Tun da hoto ya nuna ƙarin da ke wuyansa ya tafi, tela ya daina zuwa asibiti. Wauta ce, amma haka mutane suke. Sai da matarsa ta ɓoye almakashinsa sannan ya yarda ya koma.

"Wata biyar yana cewa ya fi ni lafiya," in ji matar. "Maigida, maimaita wa likita mana."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Maganin da muka ba ka, ƙwayoyin ciwon dajin da ke rarrabuwa yake kashewa. Wasu kan daina rabuwa su kwanta, ba su mutu ba. Sai magani ya wuce su."

Tela ya ce, "To, a tashe su a kashe."

"Ba mu san inda suke ba."

"Yaushe za su farka?"

"Wataƙila har abada ba za su farka ba. Shi ya sa muke dubawa."

Aka kawo allurar ɗibar jini. Tela ya kasa ɓalle maɓallin hannun rigar da shi ya ɗinka. Matarsa ce ta ɓalle masa.