Batir a Rigar Kaka Tsevel

"Kaka, me ya sa kika cire wa tsuntsu zuciyarsa?"

Sondor ce ta yi tambayar, 'yata, shekararta huɗu. Ta cusa hannu a ƙirjin rigar Kaka Tsevel, inda tsohuwar ke ɓoye mata alewa, sai ta zaro batir biyu. Tsuntsu kuwa shi ne sunan da take kiran na'urar gargaɗin hayaƙi da ke rataye a kowane ger na unguwarmu, wato zagayayyen tantin da muke zama a ciki, don kukanta irin na ɗan tsako ne.

"Ɓarauniya!" in ji Kaka, tana dariya. "Alewar na wancan gefen. Ba ni kayana."

Ina zuba mata shayin madara a lokacin. Na ajiye butar.

Shingen katako ɗaya ya zagaye mu, ger ɗina da nata, can saman tudu a arewacin Ulaanbaatar. Ita da jikarta Enerel ke zaune, iyayen yarinyar suna aikin ma'adinai a kudu. Enerel shekararta goma sha shida, amma karatun da take yi a kwamfuta bayan ta dawo makaranta na 'yan jami'a ne, kimiyyar muhalli. In ta ci jarrabawar ƙarshe, jami'a za ta ɗauke ta tun kafin sa'anninta.

Ni dai ban san kan karatun ba, na san amfaninsa. Kullum da safe tana tsayawa a bakin shinge da ɗan ma'aunin iska, hularta har gira, ta ƙwala mini kira.

"Yaya Tungalag! Yau kada Sondor ta fito. In kin fito da ita, ki saya mata sigari kawai, ya fi sauƙi."

"Bakinki ya fi ki girma," nakan ce. Amma ina jin maganarta, kuma tarin Sondor ya ragu a hunturun nan.

Enerel ce ta hau kujera ta rataya mini na'urar. Ta ce hayaƙin da ke rufe gari yana cin mutum a hankali ne, amma wanda dunƙulen kwal ke fitarwa in murhu ya rasa iska ba shi da launi, ba shi da wari, barci kawai yake sa ka. Kaka tana wurin, ta ce ita a ger aka haife ta, ba ta taɓa ganin iskar da ta kashe mutum ba.

Jarrabawar tana da doka. Kyamara a buɗe, ɗaliba ita kaɗai a ɗaki, ba surutu, ba tashi. Ranar gwaji na'urarsu ta yi kuka ana tsakiyar tambayoyi. Enerel ta tashi ta buɗe ƙofa, da ta dawo ta tarar kwamfutar ta soke mata gwajin, wai ta bar gaban kyamara. Ta yi kuka sosai. Kaka ta zauna tana kallon na'urar kamar karen da ya ciji jikarta.

Ranar da Sondor ta zaro batirin ita ce ranar jarrabawar ta gaske. Da hantsi na ga Kaka ta watsa madara sama a ƙofar ger ɗinsu don neman sa'a, ta ja ƙofar, ta taho wurina ta zauna, don kada ko tarinta ya shiga kyamara. Mun daɗe muna hira. Har na dafa nama mun ci.

"Kaka, batirin mene ne wannan?" na tambaye ta.

"Na wancan mai surutun. Da asuba na cire, Enerel tana barci. In ta gama na mayar."

"Murhun fa?"

"Na cika shi taf. Wa zai shiga ya ƙara mata wuta? In yatsunta suka daskare da me za ta yi rubutu?" Ta kurɓi shayi. "Na tura ƙarfen da ke toshe bututun hayaƙi, kada zafin ya gudu. Na ja murfin kafar iska ta sama ma. Ɗakin kamar bazara, 'yata."

Na ce wa Sondor kada ta motsa daga gado. Ko takalmi ban saka ba. Kaka ta biyo ni, ban taɓa sanin tana da sauri haka ba, ta cim mini a ƙofarsu ta riƙe mini hannu da hannuwanta biyu.

"Tungalag, kada ki shiga! Za su soke mata! Don girman iyayenki, saura kaɗan ta gama!"

Na fizge hannuna, ta faɗi zaune a kan ƙanƙara. Na taka dokin ƙofa, abin da ban taɓa yi a gidan kowa ba don al'adarmu ta hana, na shiga.

Zafi ya dake ni a fuska. Babu hayaƙi, babu wari, ɗakin tsaf. Enerel ta kifa kai a kan tebur, kumatunta jajur kamar wadda ta dawo daga ɗibar ruwa. Allon kwamfutar na kunne, agogon jarrabawar na tafiya a kusurwa. Ashe ba mutum ke kallo ta kyamarar ba, ɗauka kawai take yi, sai daga baya wani ya duba.

Na kama ta ta hammata na jawo ta waje. Na kwantar da ita, na kira motar asibiti, na yi abin da muryar wayar ta ce in yi. Kaka ta rarrafo tana jijjiga ƙafar yarinyar.

"Enerel, tashi. Tashi, ɗiyata, lokacinki na tafiya."

Direban ya ɓata a cikin lungunanmu, shinge duk iri ɗaya. Sai da maƙwabta suka sauka har bakin rumfar sayar da ruwa suka yi masa jagora. Tana numfashi aka ɗauke ta. Washegari kafin azahar ta cika, ba ta farfaɗo ba.

Iyayenta sun zo, an yi abin da ake yi. Uban bai ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, bai kuma dube ta ba. Da suka tashi komawa ya ce ta bi su, ta ce wa zai kunna wa yarinyar fitilar mai. Suka tafi.

Daga ranar Kaka ta daina hura wuta. Na same ta zaune a cikin sanyin da ke fasa bokiti, ƙofa a buɗe, murfin sama a buɗe, ba abin da ke ci sai 'yar fitilar da ke gaban hoton Enerel. Na naɗe bargonta na ce ta taso. Ba ta yi musu ba.

Yanzu a ger ɗina take kwana. Ba ta zama ko'ina sai ƙarƙashin na'urar da Enerel ta rataya. Hira ta ƙare mata. Tana ɗaga kai tana kallon ɗan koren hasken yana ƙiftawa, in ya jima sai ta miƙe ta danna maɓallin, na'urar ta yi kuka, ta koma ta zauna. Sondor ta daina tura hannu a rigarta. Ni na san batirin nan biyu suna ciki har yanzu, don ina jin ƙararsu in ta sunkuya.

Ke da ke da murhu da yara a ɗaki, in na'urarki ta yi kuka kada ki taɓa batirinta, kada ki toshe bututu don tattalin zafi. Ko jarrabawa ake yi, ko baƙo ne a zaune, ki buɗe ƙofa ki fitar da kowa waje.