Lakar Ofin a gindin gwaza

Ganyen gwazan Eno Abrafi ya fi na kowa faɗi a garin, har yara kan tsinki ɗaya su yi lema da shi in ruwa ya tare su. Da shi take miyar da direbobi ke yi wa layi a tasha, da dafaffiyar doya da manja da ƙwai. In an tambaye ta sirrin ba ta ɓoyewa, cewa take lakar kogin Ofin ce.

Tun kakanni, wanda ya ɗebo ruwan kogin ya bari ya kwanta, ba ya watsa lakar a hanya inda ƙafa za ta taka, don ba a wulaƙanta Ofin. A gindin shuka ake juye ta. A da ba ta wuce cikin ludayi ba, ita ma sai da damina. Amma tun da masu galamsey suka kafa injuna can saman kogin suna wanke ƙasa don neman zinariya, kogin ya koma kalar koko, rani da damina. Mutane suka koyi jefa alif a duro. Ruwa ya yi garau, kowa ya ce an tsira, ba wanda ya tsaya tambayar ina dattin ya nufa. Na Abrafi dai lambu yake nufa kowace safiya, cike da bokiti.

'Yarta Oforiwaa tana aiki a ɗakin gwaji na gidan ruwa a birni. Zuwanta na baya ta ɗebi ruwan duron a kwalba, ta kwashi laka a wata, ta haɗa da ganye da ƙasar lambun. Ran Asabar da hantsi ta dawo, ta tarar da uwar tana yankan ganye a turmi da ta kifa.

"Madam gidan ruwa, ina ganyena? Ko kin cinye a mota?"

Oforiwaa ba ta yi dariya ba. Ta ja kujera ta zauna.

"Maame, ruwan da sauƙi, ko da yake ba zan ce ki sha ba. Lakar ce. Akwai zaiba a ciki, akwai dalma. Zaibar masu zinariya ke zubarwa, dalmar kuma daga ƙasar da suke tonowa take."

"Ƙarfe yana da nauyi," in ji Abrafi. "Me zai hana ya nutse can inda suka zuba shi? Tafiyar yini ce daga nan."

"Da shi kaɗai ne, da ya nutse. Amma manne wa ƙwayar laka yake, kamar kaska a kunnen akuya. Lakar nan kuwa ta fi gari laushi, ba ta zama, ruwa na ɗauke da ita har ƙofar gidanki. Ke kuma sai ki sa alif ki tattara ta wuri ɗaya."

"In kai wa gwaza."

"Ki kai wa gwaza. Ƙasar lambun ta fi kogin kansa guba yanzu. Ganyen ma ya ɗauka."

Abrafi ta ajiye wuƙa. Ta dubi lambun, kore shar, kowane ganye na sheƙi. Ba ta ga alamar ciwo a jikin ko ɗaya ba, kuma abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

"Ganyen nan ne ya kai ki jami'a."

"Shi ya sa na iya ganin abin da ke cikinsa, Maame."

Uwar ta dube ta. Yarinyar da ta goya a bakin murhun nan ce yau take faɗa mata abin da Ofin ke ɗauke da shi, abin da dattawan fada da masu wa'azi da masu zuwa neman ƙuri'a ba su taɓa faɗa ba.

"To lakar gobe fa? Ba zan watsa ta a hanya ba, ko me takardunki suka ce."

"Rami mai zurfi, nesa da rijiya da shuka. A rufe."

"Wannan kam, Ofin ba zai ji haushi ba," in ji Abrafi. Ta miƙe ta ɗauko adda.

Ta kai rabin layin farko tana sare gwazan sai ga Agya Boadu, direban da ya tsufa yana cin miyarta, ya leƙo ta kan shinge da kwanonsa a hannu.

"Eno, lafiya? Ko gwazan ne ya zage ki?"

"Kai ne nake ceta, mai tumbi. Shekara nawa kana loda wa cikinka dalma, kana cewa ƙaro."

"Ni ban ji komai ba. Garau nake."

"Ruwan duro ma garau yake."

Boadu ya dubi tulin ganyen da ke ƙasa, ya dubi budurwar da ta naɗe hannun riga tana tono saiwa.

"Wa ya ce miki haka? Mutanen rediyo?"

"Rediyo?" Abrafi ta nuna da bakin adda. "Ga ta nan. Oforiwaa. Ta sa lakar Ofin a na'ura ta kira kowane ƙarfe da sunansa. Ni na haife ta, a ɗakin can. Ka je tasha ka faɗa, kuma ka faɗi sunan daidai."

"To mu ci me?"

"Jibi zan sayo ganyen ƙauyukan kan tudu. Ƙanana ne, ba za ka yi lema da su ba. Ka ci ka rufe baki."

"Direbobi za su koma cin miyar Yaa Pokuaa."

"Su koma. Ita ma a gindin shuka take juye tata lakar, daga nan wajenta za mu, mu faɗa mata." Ta miƙa masa addar ta kan shinge. "Tunda ka zo, ajiye kwanon. Kama wancan layin."