Kankanar da Zulkuf Ya Aiko

Wani dare a ƙarshen sanyi, Bedran ya ji wani sauti ya gangaro ta kan kogin Dijla, daga wajen tsohuwar madatsar ruwa. Ba tsawa ba ce, ba kuma kukan dabba ba. Ya fi kama da nishin bijimin da aka danne za a yanka, in da ana yin bijimi da ƙarfe. Ya ja da tsawo, ya tsaya, ya sake ja. Tattabarun da ke ɗakinsu a bayan gida suka ruɗe da fuffuka.

Ya taɓa matarsa. "Perihan, kin ji kuwa?"

"Na ji cikinka," in ji ta. "Sai da na ce kada ka ƙara miyar waken nan."

Shi dai Bedran ya riga ya yanke wa kansa. A ƙarƙashin tafkin madatsar akwai ƙauyen da ruwa ya cinye tun yana saurayi, a ƙauyen kuma akwai dutsen niƙa irin mai juyawa da ruwa. Ya tabbata dutsen ne ya gaji da kwanciya, ya tashi yana niƙa yashi. Abin ya yi masa daɗi har ya kasa komawa barci.

Ranar Juma'a ya gaya wa Zulkuf a ƙofar masallaci. Zulkuf ne mai kula da ƙofofin madatsar, kuma kiriv ne ga Bedran. Shi ya riƙe ɗan Bedran a cinyarsa ranar kaciya, jinin yaron ya ɗiga a farin ƙyallen da aka shimfiɗa masa. Tun daga ranar gidajen biyu suka zama gida guda. 'Ya'yansu ba sa auren juna. Abin da kiriv ya nema ba a hana shi, ba a kuma tambayarsa dalili.

Zulkuf ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Dutsen niƙa! Kirivo, kai ko kifi ne ya yi atishawa sai ka ce aljani. Tsohuwa ce ke minshari. Madatsar nan ta tsufa kamarka, ba za ta yi nishi ba?"

"To lafiyarta ƙalau?"

"Ta fi ka ƙarfin gwiwa."

Bedran ya yarda, don me ma zai ƙi? Jiniyar gargaɗi da ke kan madatsar ta daɗe da mutuwa, tsuntsaye sun yi sheƙa a bakinta. Zulkuf ne jiniyar ƙauyen. Duk ranar da za a saki ruwa shi ke buga waya, a janye tumaki da yara daga bakin kogi. Bai taɓa mantawa ba.

Da lokacin shuka ya matso, Zulkuf ya zo gida da kansa, riƙe da kwalin sukari. Ya sha shayi, ya yaba cukun Perihan, sannan ya ce, "Kirivo, bana mu yi musaya. Ka ɗauki gonata ta ƙasa, ka ba ni taka ta kan tudu. Ƙafafuna sun daina son gangara."

Bedran ya ajiye kofinsa a hankali. Gonar Zulkuf tana kan yashi ne daf da ruwa, inda in ka tona kamu biyu za ka ga rami ya cika da kansa. Babu wurin kankana kamarta a duk gaɓar. Tun yana yaro yake kallonta da gefen ido.

Yana da iri kuwa, irin mahaifinsa, a cikin wani tulu da aka toshe da tsumma. Kankana ce mai zane baƙi da kore, wadda a da raƙumi ba ya ɗaukar fiye da biyu. Da takobi ake yanka ta. Bedran ya sha ba da labarin yadda aka ƙwaƙule wata aka zaunar da shi a ciki yana jariri, kuma ya rantse yana tuna sanyin. Sauran mutane duk sun koma irin kanti mai saurin nuna. A kan tudu irin mahaifinsa yana ta ƙanƙancewa shekara bayan shekara, abin da ya rage a tulun kuma bai fi tafi biyu ba.

Kyautar kiriv ba ta komawa hannu wofi. Bedran ya tashi ya ɗauko tulun, ya juye rabi a hankicin Zulkuf. Irin nan bai taɓa fita daga gidansu ba sai ranar. Zulkuf ya ce, "A'a, ya yi yawa," ya ƙulle hankicin ba tare da ya ɗago kai ba. Bedran ya ɗauka kunya ce.

Da baƙon ya tafi, Perihan ta ce, "Ka bar kaɗan a tulun, tsoho."

"A irin wannan gona? Duk ƙwayar da na bari na zalunce ta."

Ya share ɗakin tattabaru tas, ya kwashi kashinsu buhu-buhu a kan jaki. Ya tona ramuka har ruwa ya tsattsafo, ya cakuɗa kashin da yashi, ya binne irin duka. Da yaɗo ya kama, ya bi yana tsinke 'ya'ya, ya bar ɗaya tal a kowane tushe, kamar yadda mahaifinsa ke yi. Ya kafa bukkar kara a gefe ya tare a can. Maƙwabcinsa Nezir, mai kiwon ƙudan zuma, yakan leƙo ya tsokane shi.

"Kawu Bedran, an ce ka raɗa musu sunaye."

"Waccan kaɗai. Gwamna."

"Don girma?"

"Don ci take yi ba ta motsi."

Kafin tsakiyar zafi Gwamna ta kai gwiwar mutum. Bedran yakan kara kunne a jikinta, ya ce yana jin tana shan kogin.

Ruwan ya zo ne da hantsi, rana tana haske, babu ko gajimare. Bedran ya hau gida karin kumallo, sai ya sake jin nishin nan na ƙarfe, wannan karon bai tsaya ba. Wayar Perihan ta yi ƙara. Zulkuf ne: "A janye yara da dabbobi." Ya kashe.

Yara da dabbobi ana janye su. Kankana ba ta da ƙafa. Bedran ya tsaya a kan gaɓa yana kallon jan ruwa ya haye yashin, ya ɗaga bukkar, ya tsinke yaɗon. Kankanonin suka taso ɗaya bayan ɗaya, suna juyi kamar kawunan masu iyo, suka bi kogi. Babu wadda ta nuna. Ko ya kamo ɗaya, ƙwayar cikinta fara ce, ba ta tsira. Kwana da kwanaki ruwan bai sauka ba.

Bai zargi kowa ba. Hasali ma tausayin Zulkuf ya kama shi, ya ce bawan Allah yana can yana cin kansa don kyautarsa ta zama asara. Ya hau motar haya zuwa madatsar don ya kwantar masa da hankali. A bakin shiga ya zauna wurin mai shayi yana jira.

Mai shayin bai san shi ba. "Daga ƙasa kake, kawu? Ai kun sha ruwa. Mu nan tun sanyi muka sani. Masu bincike suka zo daga babban birni, suka gwada ƙofar tsakiya da dare, ta yi kukan da ya zubar mini da kofuna. Tsatsa ta cinye ta. Suka ce dole a rage ruwan tafkin a lokacin zafi a gyara. Manya suka ce kowa ya yi shiru, kada mutanen gaɓa su taso da ƙorafi. Zulkuf ma shi ya riƙe musu fitila."

Shayin ya huce a hannun Bedran. Can sai ga Zulkuf ya fito da rigar aiki. Da ya hango shi, tafiyarsa ta canja.

"Kirivo."

"Tsohuwa ce ke minshari, ko?"

Zulkuf ya dubi mai shayi, ya dubi ƙasa. "Sun ce duk wanda ya buɗe baki ya bar aiki. Saura kaɗan in yi ritaya. Kuma wallahi na zaci za su ɗaga, kullum ɗagawa suke yi."

"Shirun na gane. Mutum yana tsoro." Bedran ya miƙe. "Da ka bar gonarka haka nan ba shuka, da na gane. Amma ka tako har gidana da sukari. Ka san ba zan ce a'a ba. Ka san ba zan ce don me ba."

"Ina da bakuna da yawa a gida, Bedran."

"Ni kuma na juye maka mahaifina a hankici."

Bedran ya gangara da ƙafa, bai jira mota ba.

Ya daina zuwa gaɓa. Tattabaru ma Perihan ke ba su hatsi. Tulun yana nan a kan kanta, in iska ta shiga bakinsa sai ya yi wani ɗan kuka, shi kuwa da ke son irin waɗannan abubuwa ba ya ko waiwaya.

Da kaka ta yi, wata safiya aka ji amalanke ya tsaya a ƙofar gida. Surukin Zulkuf ne da wani ƙato, suka sauke abu a nannaɗe da bargo, suka juya ba su ko nemi ruwan sha ba. Perihan ta yaye bargon. Kankana ce mai zane baƙi da kore. Ba ta kai Gwamna ba, tudu ba ya ba da irin wannan, amma ta nuna sarai. Bedran ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ba da niyya ba, ta amsa da murya mai zurfi. A cikinta akwai baƙaƙen ƙwayoyi da za su cika tulun har wuya, kuma in ba a gonar tudun da Zulkuf ya shuka ba, babu sauran irinsu a duniya.

Maƙwabta suka taru. Kowa ya san yadda abin yake. In wuƙa ta shiga, an karɓi kyauta, kiriv ya koma kiriv, gobe zai shigo ya zauna a kan shimfiɗa a zuba masa shayi. In ta koma, ta koma da mahaifin Bedran a cikinta.

Perihan ta shiga ta fito da babbar wuƙa, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta miƙa ba, ba ta mayar ba. Bedran ya zauna a kan dakali, hannunsa ɗaya a kan kankanar. Sanyin safiya na jikinta.

Nezir ya gyara murya. "To, Kawu Bedran, in kira yara su kawo faranti ne, ko in ɗauro jaki a mayar da ita?"