Shaida ta Bayan Katako

Kurum ya yi shekara biyar a jami'a yana karatun harhaɗa magunguna, kuma babu malamin da zai iya rantsewa ya taɓa jin muryarsa. Sunan ma a can ya samo shi. Da ya buɗe kantin magani sai ya raba aiki da ƙanwarsa bisa adalci: ita tana bakin kantar sayarwa tana fama da jama'a, shi yana cikin sito yana fama da kwalaye. Kwali ba ya tambayar mutum ya iyali.

Ran Lahadi yakan isa coci bayan an fara waƙa, ya zauna shi kaɗai a bencin ƙarshe, ya sulale kafin a ce kowa ya juya ya gaisa da na kusa da shi. Amma bangaskiyarsa ba ta wasa ba ce. Don haka ranar da Fasto ya ce kowa ya samu mutum ɗaya tak ya gaya masa abin da Yesu ya yi masa, sauran jama'a suka ce amin suka tafi cin abinci, Kurum kuwa ya ɗauki maganar da gaske.

Mutumin da ya zaɓa shi ne Mai Agogo, dattijon da shagonsa ke manne da nasu. A da shago ɗaya ne, mai gidan ya raba shi biyu da katako don ya karɓi haya biyu. Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka, kuma hirarsu ba ta wuce gyaɗa kai da safe ba. An ce Mai Agogo ya daina zuwa coci shekara ashirin da suka wuce. Ba da Allah ya yi faɗa ba, da kwamitin gini ya yi, amma fushin ya shafi kowa.

Kurum ya rubuta shaidarsa a bayan takardar wani maganin tari. Kullum da ƙarfe biyu, lokacin da ciniki ke yin sanyi, sai ya rufe ƙofar sito ya tsaya gaban kwalayen auduga ya gwada.

"Baba, barka da aiki. In ba damuwa, akwai wata 'yar magana. Shekara bakwai ke nan da mahaifinmu ya rasu a asibiti. Ina zaune a gefensa, ya riƙe hannuna, yana jira in ce wani abu. Ban ce komai ba. Ko sallama ban yi masa ba. Abin ya daɗe yana cina. Sai wata rana..."

A nan kullum murya take maƙalewa. Sai ya ninke takardar ya koma jera kwalabe. Wata uku ana haka.

Wata Alhamis ƙanwarsa ta leƙo sito.

"Yaya, ka ji labari? Mai Agogo zai rufe shago. Idonsa ya ƙi, 'yarsa za ta ɗauke shi zuwa garinsu. Motar kaya ran Litinin."

Kurum ya dube ta.

"Kada ka zare min ido, ba ni na kore shi ba. In kana da abin faɗa masa, ka san ƙofa. Taku shida ne, na taɓa aunawa."

Ran Juma'a ya yi taku shidan. Ya shiga shagon, agogo kusan arba'in suna ta ƙyas-ƙyas a bango, kowane da nasa ra'ayin game da lokaci. Mai Agogo ya ɗago kai, gilashin aiki a maƙale a ido ɗaya. Kurum ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya kwance agogon hannunsa ya miƙa.

Dattijon ya kara shi a kunne, ya juya shi.

"Likita, wannan agogon ya fi ni lafiya."

Kurum ya gyaɗa kai, ya karɓa, ya fita. Da ƙanwarsa ta ji yadda aka yi, ta yi dariya har sai da ta dafa kantar sayarwa.

Ran Asabar da ƙarfe biyu bai gwada komai ba. Ya zauna a kan kwali, takardar a hannu, ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa wasu an halicce su don yin bishara, wasu kuma don duba ranar da magani zai lalace. Biyu da kwata aka ƙwanƙwasa katakon da ke bayansa.

"Likita! Yau babu wa'azi ne?"

Kurum ya miƙe har kansa ya bugi kantar kwalabe.

"Kada ka suma, ni ne," in ji muryar Mai Agogo. "Teburina yana jikin katakon nan, ga kuma ramin da wayar lantarki ta bi. Wata uku kullum ƙarfe biyu ana ce min barka da aiki. Da farko ina amsawa ma, a hankali. Na haddace shi tsaf. Ko kana so in karanto maka?"

Kurum ya koma ya zauna a kan kwalin.

"Abin da ya dame ni, kullum sai ka kawo ni 'sai wata rana' ka ajiye ni a nan kamar direban da mai ya ƙare masa. Jiya da ka shigo na ce to, yau zan ji ƙarshe. Sai ka ba ni agogo. Jibi zan bar garin nan, bawan Allah. Wata rana me?"

"Baba..." in ji Kurum. "In zo?"

"A'a, zauna inda kake. In ka ga fuskata za ka sake kwance agogo. Juya ka kalli audugarka."

Kurum ya juya ya kalli auduga. Kwalayen dai sun saba da shi.

"Sai wata rana na durƙusa zan roƙi gafara a kan abin. Nan ma na kasa. Ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Na daɗe a durƙushe kamar wawa. Amma da na tashi, nauyin babu. Na san an ji ni. Yesu bai jira sai na iya magana ba, Baba. Abin da na kasa faɗa ya ji, ya kuma yafe. Tun ranar nake barci. Shi ke nan. Ba shi da yawa."

Agogunan suka ci gaba da ƙyas-ƙyas ta ramin waya. Sai dattijon ya ce:

"Ni ma akwai wadda ban yi wa sallama ba. Uwar 'yata." Ya ja hanci. "Wata uku saboda wannan? Ai da ka faɗa tun ranar farko, da mun sha shayi tare sau casa'in."

Daga bakin kanta ƙanwar Kurum ta ɗaga murya: "Baba, ni shekara arba'in nake jira ya gama magana ɗaya!"

"Ke yi mana shiru, manya na hira." Ya sake ƙwanƙwasa katakon. "Likita, ban yi alkawarin komai ba, ka ji? Kuma in na ga ɗan kwamiti zan fita. Amma bencin nan naka na ƙarshe, yana ɗaukar mutum biyu?"

Ran Lahadi suka isa tare, a kan lokaci, domin Mai Agogo ba ya yarda da latti ko a gidan Allah. Da aka zo inda ake cewa kowa ya gaisa da na kusa da shi, Kurum ya yunƙura zai sulale yadda ya saba. Sai ya ji an riƙe masa bakin riga.

"Ina zuwa? Ga ni nan kusa da kai."

Kurum ya miƙa hannu. Ya ce, "Barka da zuwa, Baba," da ƙarfin da har matar da ke benci na gaba ta waiwayo don ta ga baƙon da ya yi magana.