Kalmar da Kaka Ta Ƙi Faɗa

Kwamfuta goma sha ɗaya ce a ɗakin da nake koyarwa. Bakwai ke tashi, sauran huɗun ado ne, sai in za a yi baƙi mu goge musu ƙura. Shekarata shida a makarantar 'yan matan nan ta kwana da ke kan hanyar Namanga, kuma kullum da magana ɗaya nake buɗe wa 'yan ajin ƙarshe darasin basirar na'ura: inji bai san komai ba sai abin da aka ɗura masa. Har haddace ta suka yi, suna kwaikwayon muryata a bayan idona, wai su a dole ban sani ba.

A shekarar farin nan na ce mu daina karatun baka, gani ya kori ji. A hutun Afrilu da na Agusta kowace yarinya ta ɗauko maganar matan ƙauyensu a waya, hira ce, tatsuniya ce, gulma ce, duk abin da ya samu. Muka zauna muka mayar da shi rubutu, na rarraba aikin yadda babu wadda za ta rubuta na gidansu, don na san halinsu, gyara wa iyayensu baki za su yi. Sannan muka ɗura shi cikin wata 'yar manhaja. Ka zaɓi ƙauye, ka fara mata jimla, ita kuma ta ƙarasa da bakin matan wurin. Yaran suka sa mata suna Kaka.

Kaka ba ta da hankali ko na anini. An tambaye ta maganin ciwon ciki ta ce a aurar da akuya. Ranar sai da na fita waje don kada su ga ina dariya.

Silantoi ce ta fi kowa ƙwazo a ajin, kuma ita ce ta fi damuna da tambaya. Maganar Afrilu ta ƙauyensu ita ta ɗauko da kanta. A Agusta kuwa ba ta je gida ba, baffanta ya ce ta zauna wurin gwaggonta a Kajiado ta yi karatun jarrabawar fita. Maƙwabciyarsu Resiato, sarauniyar tsokana ta ajin, ita ta ɗauko a madadinta. Silantoi tana da wa guda, Leshan, wanda ya kora shanun gidansu can wajen iyaka neman ciyawa tun watan Mayu. Ko fensir ta ara sai ta sako zancensa. Shi ya sayar da ɗan bijiminsa aka kawo ta makaranta, kuma ya yi alkawarin shi zai zo ɗaukarta ranar da ta gama.

Wata Talata da hantsi Silantoi ta zaɓi ƙauyensu, ta rubuta, "Shanu sun rame saboda babu..."

Kaka ta ƙarasa: "baƙon sama."

Ta goge ta sake. Baƙon sama. Ta juya jimlar ta wata fuska, ta kawo gajimare, ta kawo tsawa, ta kawo yabanya. Baƙon sama dai.

"Ku zo ku gani," in ji wata daga baya, "farin ya yi tsanani har Kaka ta manta sunan ruwan sama."

Aji ya kwashe da dariya. Silantoi ma tana dariya ta ce bari ta gwada ta da abin da ba za ta ɓata ba. Ta rubuta, "Matar da ke gidan gindin ƙirya ita ce Uwar..."

Kaka ta ce, "Uwar Silantoi."

"Iye, an yi juyin mulki," in ji ta bayan. "Auta ta ƙwace uwa. Bari yayanki ya dawo ya ji."

"Malama, wannan kuskure ne," in ji Silantoi. "Tun kafin a haife ni Uwar Leshan ake ce mata."

Na buɗe baki zan ce mu duba, sai idona ya faɗa kan Resiato. Yarinyar da ko a sahun addu'a sai an harare ta, tana zaune ta ƙura wa tebur ido, hannuwanta a matse tsakanin gwiwoyi. Nan take na mayar da bakina na rufe.

Ni ma 'yar makiyayan yankin nan ce, ba sai an karanta mini ba. A wurinmu in matashi ya ɓata, don ba ma cewa ya mutu, sunansa ma ɓata yake. Ba a ƙara kiransa. In sunan ya yi kama da wata kalma, gidan sai su nemo wa abin wani suna. Leshan kuwa da ruwan sama aka haife shi, daga kalmar aka ciro sunansa.

"Kuskure ne," na ce. "Na'ura ce, ba boka ba. Kowa ya kashe, lokacin shayi ya yi."

Ban taɓa yi wa aji ƙarya a kan darasina ba sai ranar, kuma na tsani yadda ta fito mini da sauƙi.

Na wuce ofishin shugabar makaranta, Madam Mutheu, na same ta tana cin masara da wake a kofi. Ban zauna ba.

"Madam, yayan Silantoi."

Ta ajiye cokali. "Wa ya faɗa miki?"

"Kwamfuta."

"Malama Sintamei, ba na son wasa da rana tsaka."

Da na yi mata bayani sai ta tashi ta rufe ƙofa. Ta ce rijiya ce ta rufta da Leshan a watan Yuli, yana ƙasa yana miƙo wa shanu ruwa. Baffan ya zo da kansa ya roƙa a rufe maganar sai an gama jarrabawa. An ja wa Resiato kunne.

"Saura mako biyar," in ji ta. "Ki kashe abin nan naki."

"In na kashe, ita za ta fara tambayar dalili."

"To ki sa shi ya faɗi sunan mana. Ba ke kika haɗa shi ba?"

Na koma ɗakin lokacin da yara ke filin wasa, na zauna ni kaɗai. Na ƙirga. A maganar Agusta sunan bai fito ko sau ɗaya ba, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma a ta Afrilu yana nan sau arba'in da uku, uwarsa kaɗai ta kira shi sau goma sha tara. Duka biyun muka ɗura wa Kaka, kuma ba mu gaya mata wanne ya riga wanne ba. Bisa lissafin da ni da kaina nake rubutawa a allo, ko sau ɗaya cikin uku ya kamata ta faɗe shi. Na gwada sau sittin. Na rubuta mata rabin sunan ma, ta tsallake ta shiga zancen tsakar gida da kaji. Na cire maganar Agusta gaba ɗaya, na sake horar da ita da ta Afrilu zalla, lokacin da yaron yake raye yana shan madara a gidan uwarsa. Na rubuta, "Uwar..."

Ana ta ihun ƙwallo a waje. Sannan ta ce, "Uwar Silantoi."

Na zare wayar wutar daga bango. Har yau ba ni da bayanin da zan ba ɗalibi a kan wannan, ni da nake cika baki cewa babu abin da ke cikin inji sai lissafi.

Washegari Silantoi ta tare ni a baranda. "Malama, ki ba ni makulli in gyara kuskuren nan. Ina so in nuna wa yayana in ya zo."

Da na hana ta, da na huta. Amma wane dalili zan ba ta? Na miƙa mata, ina fatan abin zai gagare ta. Sai dai ni na koya mata ƙirga kalmomi, kuma ban koyar da ita da wasa ba. Kwana uku tana shiga bayan abincin rana, ina ganinta ta taga, ta sa rubutun Afrilu a hagu, na Agusta a dama. A rana ta huɗu ta kawo mini makullin.

"Kin gyara?" na ce.

"Babu abin da ya lalace, Malama."

Na jira ta yi kuka, ko ta tambaye ni, ko ta ce na yi mata ƙarya. Da na fi son ta zage ni. Ta dai sunkuyar da kai yadda ake yi wa babba a wurinmu, na ɗora hannu a kai, ta tafi aji. Ta ci gaba da karatu, tana cin abinci, har ta koma zama kusa da Resiato. Madam Mutheu ta ce, "Kin gani? Ba ta gane ba." Ni ma na so in yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Ana saura kwana biyu a fara jarrabawa, muna bita da la'asar, sai gari ya yi duhu daga wajen dutse. Iska ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wanda muka yi wata goma sha huɗu ba mu ji ba. Ɗigon farko ya bugi kwano. Ban ba da izini ba, amma wa ya tsaya jiran izini? Suka fita da gudu, takalma a hannu, suna tsalle suna kiran ruwan sama da sunansa, suna maimaitawa, filin makaranta duk ya ɗauka.

Mu uku muka rage. Resiato ta toshe kunnuwanta da hannu. Silantoi ta tashi ta je bakin taga, ta miƙa tafin hannunta waje har ya cika.

"Malama," ta ce, ba ta juyo ba, "baƙon sama ya zo."