Telan ƙungiyar Baba Dantong

Habeeb tela ne a unguwar Kwararafa. Shi yake ɗinka wa ƙungiyar Baba Dantong kayan wasan kwaikwayo tun kafin furfura ta fito masa. Baba Dantong tsohon malamin makaranta ne. Da ya yi ritaya sai ya tara matasa suna farfaɗo da tsofaffin wasanni na zamanin iyayensu, a wani ɗakin taro kusa da Gada Biyu.

Duk sanda ya zo karɓar ɗinki sai ya ce, "Oga Habeeb, Asabar fa. Na ajiye maka kujera."

"In sha Allahu, Baba."

Asabar kuwa ranar masu biki ce, shago ba masaka tsinke. Daga baya matasan kan nuna masa guntun bidiyo a waya, mutane ƙanana, murya a shaƙe. Sai ya duba ko riga ta zauna a kafaɗa, ya mayar da wayar. A ganinsa ya kalla ke nan.

Wata Laraba Baba ya zo ba yadi a hannunsa. Ya zauna kan benci ya ce an sayar da ɗakin taron, za a mayar da shi wurin ajiye siminti. Shi ma gwiwa ta ƙi, ƙauye zai koma.

"Wannan Asabar ce ta ƙarshe. Ba zan roƙe ka ba."

Ranar Asabar ɗin Habeeb ya rufe shago bayan azahar ya tafi.

Wasan labarin wani mafarauci ne da ya dawo daga yaƙi bayan an gama makokinsa, ya tarar da mahaifiyarsa ta makance. Nkiruka ce uwar, wata mai shagon magani da Habeeb ya sani da surutu in ta zo awo. Ta fito tana lalube, Habeeb bai gane ta ba sai da ta yi magana. Ta ɗora hannu kan fuskar mafaraucin, ta shafa goshi, ta shafa tabon kumatunsa, ta daɗe. Sannan ta sauke hannun ta ce, "Ɗana ya mutu. A ba baƙo ruwa."

Ɗakin ya yi tsit. Habeeb yana jin katakon dandamali yana ƙara a ƙarƙashin ƙafarta, yana jin numfashin mafaraucin. Wani ƙato da ke gefensa, ɗan dako daga unguwar Farin Gada, ya cire hula ya rufe fuska. Habeeb bai ko tuna ya duba kafaɗar riga ba.

Da aka tashi ya tsaya taya su ninke kaya. Baba ya matso yana dogara sanda.

"Ya ka gani?"

"Baba, sauran da kuka yi, duk haka suke?"

"Wasu sun fi wannan."

Habeeb ya sunkuyar da kai. Can ya ce ko Baba zai ba shi labarin guda ɗaya daga ciki. Baba ya fara, ya kai tsakiya, sai ya girgiza kai.

"Ba ya faɗuwa da baki, Oga Habeeb. Sai ka zauna a wurin."

Bayan wata biyu Nkiruka ta kawo atamfa a ɗinka mata na zuwa coci. Ya tambaye ta ko akwai inda za su sake yin wasa.

"Ina fa, Oga. Mafaraucinmu yana Legas, wasu Abuja. Baba kuma ko tsakar gida da ƙyar yake fita."

Ta ci gaba da hirarta kamar kullum. Shi dai ya auna ta, ya ce ta dawo ranar Talata.