Kumburin Ntate Mohapi

Ina da wani hali, in aka ce abu ya fi ƙarfina, to shi zan saya.

A wani shagon bindigogi a birnin Bloemfontein, mai shagon, Oom Gawie, ya ga ina kallon wata ƙatuwar bindiga, sai ya turo min wata 'yar ƙarama. "Ntate Mohapi, ɗauki wannan. Waccan ta masu ƙugu ce, kai kuwa naka ya daɗe da ɓacewa."

Na zaɓi ƙatuwar, zallar ƙarfe. Lasisin nata ne ita kaɗai, babu canji, doka kuma ta ce in za a fita da ita a rufe ta ruf. Sai na riƙa cusa ta gaban wando, ƙarƙashin tumbi. Gumi ya sa ta tsatsa, ita ta sa min ƙuraje, tafiyata ta koma ta agwagwa. Duk na jure, tunda ba wanda ya gane.

Ran Lahadi bayan coci, Mme Mapaseka, shugabar mata, ta ja ni gefe tana sunkuyar da kai. "Ntate, gwaiwa ba abin kunya ba ce. Mijina ma an yi masa aiki."

Na ce, "Na gode, Mme," ina tsine wa bindigar a zuci har bakin mota.

Sai a nan na tuna, ranar a gida na bar ta.